Yadda Ake Shiga Wurin Bautar Shinto a Japan

A wuraren bautar Shinto, addinin gargajiya na Japan, tun daga ƙofa ladabin yake farawa. Ƙofar da ake kira torii, ginshiƙai biyu da sanduna a gicciye a sama, ita ce iyaka tsakanin waje da harabar bauta. Ana ɗan rusunawa kafin a shige, sannan a bi gefen hanya, domin a aƙidarsu tsakiya ta kami ce, wato ababen bautarsu.

Can ciki akwai wurin wanke hannu mai kwamin ruwa da ludayoyi, sunansa temizuya. Nan baƙi suka fi yin kuskure. Ɗiba ɗaya tak ake yi. Ka riƙe ludayi da dama ka wanke hagu, ka sauya hannu ka wanke dama. Ka mayar da shi dama, ka zuba ruwa a tafin hagu ka kurkure baki, ka tofar a magudanar ƙasa, ba cikin kwami ba. Ka sake ɗauraye hagun, ka tsayar da ludayin don ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙinsa. Kada bakinka ya taɓa ludayi. Mai kwarara ruwa tun farko, kafin ya kai ga baki ludayinsa ya ƙafe.

A gaban ɗakin bauta, masu ibada kan jefa kuɗi a akwati, galibi yen 5 na kuɗin Japan, saboda sunansa da Japananci ya yi kama da kalmar kyakkyawar alaƙa. Sai su kaɗa ƙararrawa in akwai, su sunkuya sau biyu, su tafa sau biyu, su ƙara sunkuyawa sau ɗaya. A babban wurin bauta na garin Izumo tafi huɗu ake yi. Baƙon da kallo ya kawo shi ba a tilasta masa komai daga wannan. Ya koma gefe, ya yi shiru, kada ya tare layi.

A kula da ɗaukar hoto. A wurin bauta na garin Ise, inda ake sake gina ɗakunan bauta duk shekara 20 (na baya a 2013), an hana hoto da zarar ka hau matakalar babban ɗaki.

Mai gudun cunkoso ya kauce wa ranakun 1 zuwa 3 ga Janairu, lokacin da miliyoyin mutane ke tururuwa zuwa wurin bautar Meiji Jingu a Tokyo. Wurin bautar Fushimi Inari na Kyoto kuwa ba a rufe shi, don haka sammako ya fi, kuma hawa dutsen da ke wurin da saukowa kan ci awa biyu zuwa uku.