Yadda za ka kunna ƙananan moto huɗu (injinan juyawa na lantarki) da Arduino, ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori

Fara neman allon rile (makunnin da ake kunnawa da siginar lantarki) mai gida huɗu, na 5V. Akwai shi a kasuwar Sabon Gari.

Haɗa VCC (mashigar wuta) na allon da 5V na Arduino, GND (gefen -) da GND, sannan IN1 zuwa IN4 (mashigan sigina) su shiga ƙafafu 2 zuwa 5 na Arduino.

Kada ka kuskura ka ba moto wuta daga Arduino. Ƙafarsa ba ta jure fiye da 40mA, ƙonewa za ta yi. Sa musu batir nasu daban: jar waya (+) ta shiga ramin COM na rile, ta fito ta ramin NO zuwa moto, baƙar (-) kuwa ta tafi moto kai tsaye.

Kowane moto ka ɗora masa dayod (abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) 1N4007 tsakanin wayoyinsa biyu, gefen zanen yana kallon jar waya.

Sai gwaji. Yawancin allunan nan da LOW suke kunnawa, wato idan Arduino ya sauke wutar ƙafar zuwa 0V. In ka ji "ƙas", rile ya kama. Amma fa rile ba ya rage gudun moto.