Cin bak daban, cin konkur daban: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, zaurena a Garwa, arewacin Kamaru, sai ya cika da yara. Wannan ɗan maƙwabci ne, waccan 'yar ƙanwata, kowa da takardunsa a leda, kowa da tambayar da na amsa wa yayansa bara. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskure shi ne ɗaukar konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga manyan makarantu, kamar bak. A bak, duk wanda ya kai 10 bisa 20 ya haye, ko ku dubu nawa ne. A konkur kuwa kujeru ake ƙirgawa. In an ce mutum 40 ake so, na 41 gida zai koma, ko da makinsa 14. Yaranmu tun daga BEPC har probatuwar, jarrabawoyin sakandare da ake yi kafin bak, sun saba da lissafin tsira: "in na faɗi a lissafi, tarihi zai ɗaga ni." Wannan dabara ba ta shigar da mutum makarantar injiniyoyi ta ENSAI a Ngaundere, ko Politeknik ta Marwa, balle jarrabawar ƙasa ta shiga karatun likita, inda za ka kara da yaran Yawunde da Duwala da suka yi wata da watanni ana gasa su da tambayoyi. Kai kuwa ka ajiye littafi ranar da aka gama bak, ka hau babur kana haya, sai saura mako biyu ka zo kana cewa, "Kawu, me ake tambaya ne?" Ni abin da nake sa yara su yi ɗaya ne: su nemo tambayoyin shekarun baya na makarantar da suke so, su zauna bayan sallar asuba da agogo a gaba, lokaci na cika a ajiye biro, ko an gama ko ba a gama ba. Wasu malamai sun fi son a biya kuɗin darasin shiri. Ban hana ba, amma na ga wanda ya biya ya je yana gyangyaɗi.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: dosiye, wato tarin takardun da ake miƙawa don neman shiga konkur. Shekarar da na ci bak, mahaifina ya sayar da buhun masara biyu don kuɗin konkur da na mota. Na bi layi tun safe, na miƙa takarduna ta taga. Matar ta jera takardar haihuwata kusa da ta sakamako, ta ɗora farce a kan sunana. A ɗaya an rubuta Mouhamadou, a ɗaya Mohamadou. Harafi guda! Ta turo mini su waje, ta ce na baya ya matso. Saura kwana biyu a rufe, gyaran kuwa ba na kwana biyu ba ne. Haka na koma gida, na yi shekara cur ina tsare wa yayana shago, abokan karatuna na zuwa hutu suna gaishe ni. Yanzu ku gaya mini, don Allah, me ya hana ku duba takardunku tun kuna ajin ƙarshe? Ku shimfiɗa su a tabarma: takardar haihuwa, katin shaida, ta probatuwar, ku bi suna harafi harafi, ku bi ranar haihuwa da garin haihuwa. Sunayenmu kowane magatakarda da yadda kunnensa ya ji yake rubutawa da Faransanci. Iyaye ma da laifinku. Yaro ya kai shekara 18 ba wanda ya taɓa buɗe takardarsa ya karanta.

Cikin dosiyen akwai kasiye, takardar da ke nuna kotu ba ta taɓa hukunta ka ba. A kotun yankin da aka haife ka ake karɓarta, don haka ɗan Kusiri ko Mokolo da ke zaune a Garwa ya san da tafiya a gabansa. Kada kuma ka yi gaggawa, in ta wuce wata 3 ta mutu. Kwafin kowace takarda kuwa sai an manna tambur, wato kan sarki na haraji, hukuma ta sa hannu da hatimi. Hoton takarda kawai ba ya aiki.

Sauran ƙanana ne. Ka karanta sanarwar konkur da idonka, ka ga iyakar shekaru da irin bak ɗin da ake karɓa, kada mai bak A na adabi ya kashe kuɗi a inda C da D na kimiyya kaɗai ake nema. Kada ka rataya ranka a konkur ɗaya. Mai cewa yana da hanya a Yawunde, a kawo jaka ɗari biyar, ka bar shi da hanyarsa.

Kuma wanda bai samu ba kada ya kwanta a ɗaki kamar an yi rasuwa. Da bak ɗinka kana iya yin rajista a tsangayar jami'ar gwamnati, kuɗin shekara sefa 50,000, kana karatu kana shirin sake gwadawa. A da nan arewa sai Ngaundere kaɗai ke da jami'a. Marwa ta samu jami'arta a 2008, Garwa a 2022. 'Yan Chadi ma ƙetarowa suke yi su yi karatu a nan, mu da abin ke ƙofar gidanmu muna nawa. Wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda da an ce ba su ci ba sai a fara zancen lefe.

In a Ngaundere za ka rubuta, ka sani jami'ar tana Dang, kusan kilomita 15 daga cikin gari. Ka isa tun ana gobe, ka je ka ga ɗakin da sunanka yake, ka kwana da katin shaidarka da rasit a aljihun rigar da za ka sa.