Kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi a darasin falsafar ilimi a Legas

Yaran Agege, Idi-Araba da Mile 12 da suka samu gurbi a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo, sukan haɗu da falsafa da mandiƙi tun a shekarun farko. Abin da ke kayar da yawancinsu shi ne sun shigo da hadda inda ake neman hujja.

Yaro zai zuba maka abin da masana falsafa irin su Aflatun da Descartes suka ce, ko wasali bai ɓata ba. Ka tambaye shi, "To kai ka yarda?" sai ya yi tsit. Gyaran shi ne duk ra'ayin da ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta dalilan mai shi ɗaya bayan ɗaya da bakinka, sannan ka nemo wanda ya fi rauni a ciki.

Inda aka fi zamewa shi ne haɗa sani da dace. An daɗe ana cewa ilimi shi ne ka yarda da abu, ya zama gaskiya, kuma kana da dalili. A 1963 wani masanin falsafa Ba'amurke, Edmund Gettier, ya nuna cewa ukun nan za su iya haɗuwa ba tare da an sani ba. Ɗauki yaron shago a kasuwar Mile 12. Ya hango motar maigidansa a bakin ƙofa, ya ce, "Alhaji ya iso." Ashe direba ne ya kawo motar shi kaɗai, Alhaji kuwa tun da asuba ya shigo a danfo, wato bas ɗin haya, yana can wajen masu tumatir. Maganar yaron gaskiya ce, yana da dalili, amma dalilin bai taɓa gaskiyar ba. Wanda ya iya ƙirƙiro misali irin wannan da kansa ya gane darasin. Wanda ya haddace na littafi, da an sauya tambaya zai ruɗe.

Akwai kuma masu tsoron kalmar shakka, suna ganin za ta taɓa imaninsu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tuhumi gani da ji da hankali kansa fiye da shekara 500 kafin Descartes, kuma malaman zaurenmu sun daɗe suna karantar da mandiƙi. Tambayar "ta yaya ka sani?" ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Sukar mai magana a bar maganarsa ba ta kawo maki, ko a aji ko a takarda.

Sai rikita tsarin hujja da gaskiyarta. "Duk mazaunin Legas Bayarabe ne, Musa mazaunin Legas ne, saboda haka Musa Bayarabe ne." Ginin ya tsayu, amma jimlar farko ƙarya ce. A jarrabawa ka amsa su dabam-dabam: ka fara duba ko sakamakon ya fito daga jimlolin, sannan ka bi jimlolin ɗaya ɗaya ka ga wace ce ta tabbata.