Yadda Ake Auna Sauyin Unguwa a Legas da Hotunan Tauraron Dan Adam

Sauke Google Earth Pro, manhajar kallon hotunan tauraron dan adam, a kwamfuta, kyauta ne. Nemo unguwar da kake nazari, ko Agege ko Mile 12, ka danna alamar agogo da ke sama, tsofaffin hotuna za su fito da shekarunsu. Zabi shekara uku masu tazara, kamar 2005, 2015 da bana. Zagaye gine-gine ko fadama a kowane hoto, ka rubuta fadinsu da hekta.

Wajen zaben hotunan ne dalibai ke tuntube. Gajimare ya yi wa Legas yawa, don haka hotunan Disamba zuwa Fabrairu sun fi fita, ko da yake hazon hunturu kan dusashe su. Kada ka hada hoton damina da na rani. Ciyawa da ambaliya za su nuna maka sauyin da babu shi. A bakin teku kuma, irin Eko Atlantic da aka cike da yashi, hawa da saukar ruwa na matsar da gabar teku.

Hoton tauraron dan adam mai suna Landsat, digo daya a cikinsa mita 30 ne a kasa, ba ya nuna rumfar kasuwa. Sai ka taka da kafarka, ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da.