Yadda Ake Sayar da Kwafin Doguwar Bindigar Amurka ta Dā a Kaduna

Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa yankin Lankasta a Fensilbeniya ne suka fara ƙera wannan bindiga a ƙarni na 18, kuma an yi amfani da ita a yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775 zuwa 1783. Ɗura mata albarushi ake yi ta baki kamar bindigar toka, sai dai hancinta, wanda yakan zarce inci 40, yana da zane murɗaɗɗe a ciki da ke juya harsashi ya tafi sak. Idan aka ja kunama, dutsen ƙanƙara ne ke bugun ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsin ya faɗa kan albarushi.

Kafin maganar kuɗi, a fara da doka. Dokar Makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigogin da ake ɗurawa ta baki, don haka ƙera su ko sayar da su ba tare da izini ba laifi ne. Shawarata ga maƙerin Kaduna ita ce ya yi ta don ado kawai: ya toshe hancin, kada ya huda ƙaramin ramin da wuta ke bi, sannan ya nemi bayanin rundunar 'yan sandan jiha a rubuce kafin ya fito da ita, domin a shingen binciken ababen hawa siffarta za a fara gani.

Daga nan sai faɗin gaskiyar kaya, kuma a nan ne darajar aikin take. Maƙeri ya buga sunansa da shekarar ƙira a saman hancin, kada kuma ya tsufar da ƙarfen da gangan don a ɗauka tsohuwa ce. Ƙotar ta asali da itacen mafal (maple, wani itace da ke fitowa a Amurka) mai zanen igiya ake sassaƙa ta. Idan da maɗaci ya yi tasa, ya faɗa tun kafin a tambaya. Mai saye da ya san abin zai shafa yatsa a bakin ɗan akwatin tagullar da ke jikin ƙotar, ya ji ko ya zauna daidai da itacen ba tare da giɓi ba, sannan ya duba hancin, wanda yake da kusurwa takwas, ya ga ko sun miƙe. A ɗauki hoton waɗannan wurare da kyau, da hasken safiya.

Masu saye sukan fito daga masu shirya fim, masu otal da masu tara kayan tarihi, kuma kasuwar baje koli ta duniya da ake yi a hanyar Zariya wuri ne na haɗuwa da su, idan masu shiryawa sun amince. Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane, saboda haka kada a dogara da shi.

Wajen farashi, a lissafa kuɗin ƙarfe da tagulla da itace, a ɗora ladan watannin aiki da la'adar dillali, domin idan aka taya ƙasa da haka maƙeri ya san inda zai ce albarka. Ranar sallamawa a rubuta takarda mai ɗauke da sunayen ɓangarorin biyu da shaidu, da bayanin cewa kwafi ce wadda ba ta harbi, kowa ya riƙe tasa.