Kafin ka sayi furosesa mai araha ka ce za ka sauya da kanka, karanta wannan

Wallahi na gaji. Duk sanda aka yi ragin kuɗi a kan furosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai saƙonni sun cika min waya, kuma kusan duk magana ɗaya ce: malam na sa sabuwa, fanka na juyawa, fitila na ci, amma sikirin baƙi ƙirin, ko matacciya aka sayar min? Yawanci lafiyarta lau ɗan'uwa, kai ne ba ka duba madabod ɗinka, babban bod ɗin da komai ke hawa kansa, ba kafin ka biya kuɗi. Bari in faɗa sau ɗaya, daga yau duk wanda ya tambaye ni nan zan turo shi.

Mutum sai ya ga sunan soket ɗinsa, ramin da furosesa ke zama a kan bod, ya yi daidai da na talla ya ce shike nan an gama. Ba a gama ba. Ɗauki LGA 1151 na Intel, zubi na 6 da na 7 suna hawa bod na jerin 100 da 200, zubi na 8 da na 9 kuma sai jerin 300, alhali ramin iri ɗaya ne, ƙafafu 1151 nan da can. Za ta zauna daram, ka rufe mariƙin, ka danna, shiru. A ɓangaren AMD soket AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga jerin 1000 na 2017 har zuwa 5000 da suka fara fitowa a 2020, wannan ne ma yake ruɗar mutane, don tsohon bod bai san furosesar da aka ƙera bayansa ba sai an sabunta masa BIOS, manhajar da ke cikin bod ɗin mai tayar da kwamfuta.

A nan aka yi min nawa karatun. Ina da bod B450 da Ryzen 5 2600 a kai, na ga 5600 an karya mata farashi, jikina na rawa na yi oda, kuma don in cike kuɗin sai na cire tsohuwar na sayar tun kafin sabuwar ta iso hannuna, ina jin kaina wani gwanin lissafi. Ta iso, na sa, na kunna. Fanka sai gudu take, wata 'yar jar fitila kusa da rubutun CPU ta tsaya cak ba ta motsi. Na cire RAM na mayar ya fi sau goma, na cire batirin CMOS, ɗan batirin nan da ke kan bod, na sauya kebul, har tsakar dare ina abu ɗaya, sai daga baya na buɗe shafin kamfanin bod ɗin a waya na ga lambar BIOS da 5600 take buƙata ta wuce tawa nesa. Kuma bod ɗin nawa ba shi da maɓallin nan da ake sabunta BIOS da filas ba tare da furosesa ba, wato sai da tsohuwa a ciki za a yi, tsohuwar da na riga na kashe kuɗinta. Kwana tara kwamfutar na ajiye kamar akwati.

Abin da nake yi yanzu, kuma ban damu ba in wani ya ce na cika tsoro: ba na biyan ko sisi sai na buɗe jerin furosesocin da bod ɗin yake karɓa, da ainihin lambarsa har da ɗan rubutun rev da ke gefe don wani lokacin 1.0 da 2.0 fayil ɗin BIOS ɗinsu daban. In sabunta BIOS tsohuwar tana ciki, in karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane fayil saboda wani sai ka fara hawa na tsakiya kafin na ƙarshe, wasu bod ɗin ma masu ƙaramin guntun BIOS na 16MB suna zubar da wasu tsofaffin furosesoci don su sami wurin sababbi. Filas ɗin a yi masa fomat na FAT32. Kar wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi, in kana da UPS jona. Tsohuwar kuwa ba ta barin gidana sai sabuwar ta yi sati tana aiki.

Toh labarin bai ƙare ba, na biyun ya fi ciwo. Wani abokina ya ce in zo in ari furosesarsa in sabunta BIOS in dawo masa da ita. Kwamfutarsa a kashe tun jiya, sanyi ƙalau, kuma ya fi shekara 3 ba a taɓa hitsink ɗin, ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa, ba. Na kwance sukurori na ja sama, ya ƙi, na ƙara ƙarfi, sai ji na yi ɓas. Na leƙa soket wayam, sandar kullen tana nan a kulle yadda take. Na juya hitsink ɗin, ga furosesar manne a gindinsa, man nan na tamal da ake sa wa tsakaninsu ya bushe ya koma gam, ƙafafun kusurwa ɗaya sun kwanta kamar ciyawar da aka taka. Mai ita yana tsaye a kaina bai ce uffan ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Na kwashe awa biyu da reza da bakin fensirin nan mai dannawa da tocilan waya ina miƙe su ɗaya-ɗaya, saura biyu in gama ɗaya ta karye. Dole na saya masa wata, ragin da na yi ta murna a kai ya tafi har da ƙari, garin neman gira.

Don Allah ku daina fizgar hitsink! Haba, wane irin sauri ne wannan? A AM4 ƙafafun nan 1331 a jikin furosesar suke, kuma ba abin da ya danne ta daga sama. Kunna kwamfutar ta yi minti 10 ko 15 tana aiki man ya yi laushi, kashe, zare wuta, sassauta sukurori kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan ka murɗa hagu ka murɗa dama a hankali har ka ji ya saki da kansa. In na Intel ne ko soket AM5 na AMD ƙafafun a cikin soket suke, sun ma fi siranta, kar yatsanka ko zaren tsumma ya je wurin, lanƙwasa su kuwa bod gaba ɗaya ka taɓa.

Sai BitLocker, makullin faifai na Windows, wanda ban taɓa faɗawa ba amma na ga wanda ya yi kuka da hawaye. Ka sa sabuwar Ryzen sai rubutu ya fito yana maganar fTPM, ma'ajiyar mabuɗin kullen, danna Y ko N, mutane kuma Y kawai suke dannawa ba karatu. In faifanka a kulle yake Windows zai nemi mabuɗi mai lamba 48, ba ka da shi ba fayil ɗinka, kuma Windows 11 kan kunna kullen da kansa ba ka sani ba. Shiga akawun ɗinka na Microsoft ka kwafe lambar a takarda, ka dakatar da BitLocker ɗin kafin ka taɓa sukurudireba.

Ku riƙa karanta harafin ƙarshen suna kuma. F a Intel na nufin ba ta fitar da hoto da kanta, sai da katin girafik, haka Ryzen 5000 da ba su da G. Ryzen 5 5500 ba 5600 ba ce da aka rage wa kuɗi, L3 ɗinta, wato ma'ajiyar cikinta mai sauri, 16MB ne waccan 32MB, kuma hanyarta zuwa katin girafik a PCIe 3.0 ta tsaya, haka ma 5700 da 5700X. Sannan i7-7700 da kake gani ana sayar da ita da araha akwai dalili, jerin furosesocin Intel da Windows 11 yake karɓa daga zubi na 8 ya fara, Windows 10 kuma tallafinsa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. In ta hannu ce ta Intel zubi na 13 ko 14 masu cin wuta da yawa, ni dai sai da rasit, don Intel da kansu sun amsa matsalar yawan boltej a 2024 har suka ƙara garanti da shekara 2, gyaran BIOS ɗin kuma ba ya dawo da wadda ta riga ta gaji.

Ƙananan kuma a gurguje. Ɓare ledar da ke gindin sabon hitsink, kar ka yi dariya, manya ma suna mantawa. Goge tsohon man da alkohol, sabo ɗigo ɗaya a tsakiya ya isa, ni ba na shafawa da kati, wasu na yi, su suka sani. Alamar kusurwa uku ta jikin furosesa ta dace da ta soket, in ba ta faɗa da kanta ba kar ka danna. Wayar fanka a CPU_FAN. Wadda aka rubuta wa Intel Confidential samfurin gwaji ce, bar musu kayansu. Kar ka ɗora mai kai (core) 16 a kan bod mafi araha da ba ko ƙarfen sanyaya a gefen soket sannan ka zo kana tambaya me ya sa take rage gudu. Tashin farko yakan ɗau lokaci musamman da RAM na DDR5, ba shi minti biyu ko uku kafin ka fara salati, kuma ka koma BIOS ka kunna XMP ko EXPO, saitin gudun RAM, don yawanci ya koma asali.

Da ta tashi buɗe manhajar CPU-Z ka tabbatar sunan da yawan kan sun yi daidai da na kwali, don ana goge murfi a buga wani suna, sannan ka ba ta aiki mai nauyi na awa ɗaya kana kallon zafinta tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Waccan mai karyayyar ƙafar ma tana nan a durowata, tana tashi fa, sai dai ramukan RAM biyu kawai take gani cikin huɗu, da ita nake sabunta wa mutane BIOS yanzu, kuma ni nake cire hitsink ɗin da hannuna.