Idan za ki bi maigida Faransa da yara, karanta wannan tukuna

Tun da na zo hutun damina nan Tahoua, duk gidan biki ko suna da na shiga sai an ja ni gefe ana cewa Yaya, wai ya zaman can yake da yara? To na gaji da maimaitawa, bari in rubuta sau ɗaya kowa ta karanta. Ni dai Faransa na sani, can muke da maigida da yara ukku, wadda za ta Beljik ko Kanada sai ta ɗauki abin da ya yi mata.

Abin da zai fara dukan ki ba sanyi ba ne, shirun gida ne. Nan muna cewa ɗa na kowa ne kuma da gaske ne, ki tafi kasuwa ki bar jariri wurin Inna, babban ya ci tuwo gidan maƙwabta ba wanda ya tambaya, can kuwa ƙofa rufe take, duk aikin da kaka da gwaggo da unguwa ke yi miki kyauta ya dawo kanki, kuma sai da takarda da agogo.

Don haka tun kafin ki ɗaure kaya ki tattara takardun haihuwar yara, da karnen allura na kowane, da takardun sakamakon lakwal, ki sa su a jakar hannu, ki kuma ɗauke su hoto a waya. Sa'armu ɗaya, takardunmu da Faransanci suke, ba sai an biya mai fassara ba. Karnen nan kar ki raina shi, yaron da aka haifa daga 1 ga Janairu 2018 aƙalla allura 11 ne dole a kansa, a 2025 ma an ƙara wa jarirai wasu, kuma za a duba kafin a karɓe shi. Kilishi da cuku kuwa ki haƙura, nama da kayan madara ba a yarda matafiyi ya shiga da su Turai ba, ƙwacewa ake yi, asara kawai. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa su za ki cika.

Satin farko ki nufi meri ta garinku, can ake rubuta yaran firamare, ki tafi da takardar da ke nuna inda kuke zaune. Tun 2019 karatu dole ne daga shekara 3 har 16, ba zancen wai yaro bai yi wayo ba a bar shi gida. Idan naki allo ya fi yi ko Faransancinsa bai nuna ba, akwai aji na baƙin yara da suke kira UPE2A, ki tambaya da bakinki kar ki ji kunya. Yawancin lakwal takwas da rabi ake shiga, huɗu da rabi a tashi, kuma ƙarfe takwas da rabin nan ba irin namu na biki ba ne, ƙofa ake kullewa. Ƙanana ba a ba kowa su sai wanda kika rubuta sunansa, saboda haka ki nemi mace ɗaya mai amana ki sa ta cikin takarda tun wuri, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke za ki gode mini. Wurin cin abincin rana, kantin, ki faɗa musu tun ranar rajista yaranki ba sa cin alade, wasu garuruwan suna da abinci marar nama, wasu babu. Kuma ki shirya 'yarki tun daga nan, dokar 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati, ke uwa dai kina iya zuwa ɗaukarsu da naki.

Sai maganar duka, nan ne mutanenmu suka fi shiga ukku. Tun Yuli 2019 doka ta hana iyaye dukan yara, kuma akwai lambar waya 119 da yaro ko maƙwabci ko malama za su iya kira. Ba wai daga tsawa ɗaya za a zo a ɗauke miki ɗa ba kamar yadda ake zuzutawa a majalisa, amma shatin bulala a jikin yaro malamai ba sa wuce shi. Ki koyi wani horon, a ɗauke waya, a hana fita wasa, a zaunar da shi a yi magana ido da ido. Da farko sai ki ga kamar wasa kike, ni ma na ga haka, amma idan ke da babansu bakinku ɗaya yana ci. Shi ma maigida gara ya ji tun yanzu, can wanka wa yaro da kai shi lakwal aikinsa ne, ba mai yi masa dariya.

Sanyi kam ba irin hunturun Ader ba ne da ake hura wuta da safe rana ta fito a manta. Watan Disamba a Paris kafin biyar na yamma rana ta faɗi. Riguna bisa riguna sun fi babbar riga ɗaya, da hula da safa da takalmi rufaffe, kuma ko ana sanyi ki fitar da su filin wasa, yaron da ya saba da rairayi idan ya wuni ɗaki shi da ke duk sai kun haukace. 'Yan ƙasa da shekara 6 ki kai su PMI, wato cibiyar kula da lafiyar uwa da yara, awo da allura kyauta ne, likita zai rubuta musu bitamin D saboda ƙarancin rana. Watan Yuni kuma magariba sai kusan goma na dare, ki sayi labule mai kauri in ba haka ba ba mai barci. Turmi kuwa ki manta da shi, ni na taɓa daka yaji a bene na ukku, ban kai ga tankaɗe ba na ƙasa ya hau yana buga ƙofa.

Idan kewar gida ta taso, ki shiga jirgin metro zuwa unguwar Château Rouge a Paris, akwai gero da busasshen kifi da manja, kuma ki buɗe kunne, can na fara jin wata tana ciniki da Hausa na bi ta kamar na ga 'yar ɗakinmu, yau ita ke riƙe mini yara in na je neman takardu.

Faransanci kar ya dame ki, wata shidda yaran za su fi ki. Hausar ce ke gudu. A gida ni ba na amsa wa wanda ya ce mini mama j'ai faim sai ya ce yunwa nake ji, kuma duk Juma'a da yamma sai a kira Hajiya ta WhatsApp kowa ya gaishe ta, da sanyi agogonmu ɗaya da Nijar, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba mun fi ku da awa guda. Autata da aka haifa can jiya na ji ta tana ce wa Hajiya furar ta yi tsami a ƙara mata sukari, tsohuwa dariya har da hawaye.